Kara a filin besbol

Yaya, ka tambaye ni ko da gaske ne a Amurka doka ba ta san kara ba, har a filin wasa. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na sauka a Bronx. Sai da yarona ya fara buga besbol, mu iyaye, Hausawan Gana da na Nijar, muna zama a gefe ranar Asabar, sannan na gane abin da ke rubuce daban, abin da alƙalan wasa suka gada daban.

Filin yana da zango huɗu da mai gudu ke bi. A ƙa'ida, idan gudun ya zame masa dole, mai tsaro sai ya taka zangon da ƙwallo a hannu kafin a ce ya fitar da shi. Amma shekara da shekaru, a zango na biyu, in mai tsaro ya matso kusa kawai ya wurga ƙwallon zuwa zango na ɗaya, alƙali kan kau da kai ya ce an fitar. Ba son kai ba ne. Mai gudu yana tahowa da zamiya, ƙafa a gaba, takalminsa da ƙusoshi. Ƙwaurin ɗan Adam ake yi wa kara. Ko a 2014 da aka faɗaɗa duba bidiyo, an bar wannan al'ada. A Oktoban 2015 Chase Utley na ƙungiyar Dodgers ya zame ya karya ƙafar Ruben Tejada na ƙungiyar Mets. A 2016 aka kafa dokar zamiya, aka kuma ce dole a taka zangon, kyamara na kallo.

Tsaurin ma ya taɓa jawo rigima a unguwarmu, a tsohon filin ƙungiyar Yankees. Ranar 24 ga Yuli 1983 George Brett ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, sai alƙali ya soke, wai ƙaron da ya shafa wa sandarsa ya haura inci 18 da doka ta yarda. Shugaban gasar, Lee MacPhail, ya mayar masa da ita, domin ƙaron bai ƙara wa bugun nisa ba. Ni dai ina bayansa ɗari bisa ɗari.

A wasan yaranmu babu kyamara. In ɗan shekara tara ya yi ta jifa wa mai bugu, ƙwallo na kauce wa inda ya kamata kaɗan, alƙali kan karɓa don kada yaro ya karaya, muddin ya yi wa ɗaya ɓangaren haka. A kan wannan ne kawai muke sa masa ido.