Abin da Ya Sa Na Bar Shi Ya Ɓata Katakon

Jiya ka tambaye ni, ɗana: "Maigida, kana kallo sabon yaron nan ya ɗora zarto a kan layin fensir, ka san katakon zai gaza, me ya hana ka yi magana?" Na ga asarar ta ƙona maka rai, kuma ban ga laifinka ba.

Yaron nan da nasa tunanin ya zo mana. A ganinsa zarto raba katako kawai yake yi, kamar almakashi da takarda. Bai san haƙoran zarto suna cin nasu rabon ba. Da na ce masa "yanka a gefen layi" zai bi, amma tsohon tunanin yana nan kwance, ranar da ba na kusa sai ya koma gidan jiya. Ka lura da shi da ƙafar teburin ta gaza da milimita biyu? Sau uku ya sake aunawa da tef, sannan ya durƙusa ya ɗebi garin katakon a tafin hannunsa, ya ƙura masa ido. Ban ce uffan ba, shi da kansa ya gano inda milimitocin nan suka tafi.

Lokacin da aka horar da mu koyarwa a makarantar sana'a ne na fara jin sunan Jan Piyaje, masani ɗan Suwizalan da ya rasu a 1980. Shi ya nuna cewa mai koyo gina iliminsa yake yi a kan abin da ya riga ya sani, kuma idan sabon abu ya ƙi zama a tsohon tunani, dole ya gyara tunanin. Na ji daɗi ƙwarai, domin abin da hannuna ya daɗe da sani ne aka ba shi suna.

Sai dai kada ka ɗauka sakin yaro ake yi ya yi ta lalube. Masu yin haka lalaci ne suke kira dabara. Wani masanin, Lef Bigotski na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya yi magana a kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan gwani na gefensa. A wannan tazarar aikinmu yake. A 1976 masani Jerom Buruna da abokan aikinsa suka kwatanta taimakon da katakon da magini ke kafawa ya taka, wanda ake kwancewa idan gini ya tsaya. Shi ya sa ragowar katako na ba yaron nan, ba na aikin mutane ba. Injin yanka kuwa ba na barin kowa ya gano shi da kansa. Nan bayani nake yi dalla-dalla, in nuna, in maimaita, domin yatsa ba ya sake tsirowa.

Gobe kai za ka zauna da shi. Ba shi guntaye biyu, ka riƙe masa katakon, ka tambaye shi ta wane gefen layi zai yanka, kuma don me. Idan ya yi shiru, ka daure ka jira shi. Jibi kuma ka sakar masa katakon ya riƙe da kansa.