Tambaya da Amsa: Makarin Kunne Mai Batir Yana Kare Maharbi Daga Ƙarar Bindiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maharbi ne daga wajen Rigachikun, na gaji farauta a wurin mahaifina, kuma ina fita da bindiga mai baki biyu wadda nake da lasisinta. Tun farautar ranin da ya wuce kunnena na hagu yake yi mini ƙugi, musamman da dare, iyalina kuma suna ƙorafin sai an maimaita magana nake ji. Ɗana ya nuna mini wani makarin kunne mai batir a intanet, wai yana tare ƙarar bindiga amma yana barin mutum ya ji motsin nama. Gaskiya ne, ko dabarar 'yan kasuwa ce? Da ma auduga nakan cusa wani lokaci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne, kuma idan na ƙwarai ne, aka kuma sa shi yadda ya kamata, ina ganin babu abin da ya fi shi dacewa da maharbi. Sai dai yawancin masu sayensa ba su fahimci ta inda kariyar take zuwa ba, kuma wannan rashin fahimtar ne yake sa a sayi abu mai tsada a ci gaba da rasa ji. Bayan haka akwai maganar kunnenka na hagu, wadda a wurina ta fi maganar na'urar gaggawa.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar yau da kullum tana kusan desibel 60. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa desibel 85 a matsayin iyakar abin da ma'aikaci zai jure na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin, ya rage lokacin da rabi. Ga ƙarar da take tashi farat ɗaya, irin ta harbi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce desibel 140 ga babba, 120 ga yaro. To, ƙaramar bindigar da ake kira .22 ma tana kai wa kusan 140, irin taka mai baki biyu kuwa tana tashi tsakanin 150 da 160 ko fiye. Ke nan harbi ɗaya tak ya isa ya yi lahani na dindindin. Ƙarar tana ƙaruwa idan bakin bindigar gajere ne, ko an harba a cikin kwazazzabo, tsakanin duwatsu ko kusa da bango, inda amon yake dawowa kan mai harbin. Masu harba-ka-ruga, da 'yan bindigar Sarki da suke harba albarushi zalla a hawan salla a Zariya, duk abin ya shafe su, domin fashewar albarushin ce take ƙarar, ko da harsashi ko babu.

Sauti yana shiga ta ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa wani sashe na can ciki mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne suke mai da kaɗawar ta zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Akwai wata 'yar tsoka a tsakiyar kunne da takan ɗaure idan ƙara ta yi yawa, amma ƙarar harbi tana kai ƙololuwarta ta wuce kafin tsokar ta motsa. Wannan ne ya sa nake jin takaici idan tsohon maharbi ya ce mini kunnensa ya saba da bindiga. Kunne ba ya sabawa. Ƙarar ta daina damunsa ne saboda ƙwayoyin da za su ji zafinta sun riga sun ragu. Ko dushewar ji da takan washe kwana ɗaya ko biyu bayan harbi ba ta wucewa kyauta: binciken da wasu masana ji biyu, Kujawa da Liberman, suka wallafa a 2009 a kan ɓeraye ya nuna cewa mahaɗar jijiya da ƙwayoyin tana iya lalacewa ko da jin ya koma kamar yadda yake a da.

Ba mamaki da kunnen hagu ne yake damunka. Mai harbi da hannun dama yana jingina kumatunsa a gindin bindiga, kunnen dama ya fake a kafaɗa, kai ya kāre shi, na hagu kuma ya fuskanci bakin bindigar. Lahanin yakan fara ne daga siraran sautuka masu kaɗawa sau 3,000 zuwa 6,000 a daƙiƙa, ya fi tsanani wajen 4,000, kuma a nan ne baƙaƙe irin su s, sh, f da ts suke zaune. Shi ya sa mutum yake jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman a kasuwa ko wurin ɗaurin aure, kuma muryar mata da yara ce take fara kuɓuce masa. Sau da yawa iyali ne suke fara lura kafin mai abin.

Yanzu ga yadda na'urar take aiki, kuma a nan gizo yake saƙar. Makarin mai batir yana da kofuna biyu na roba mai tauri, cike da soso, da matashi mai laushi da yake manne wa kai kewaye da kunne. Wannan kofin da matashin su ne suke tare ƙarar bindiga, ko da batir ko babu. Aikin lantarkin daban ne: akwai makirfo a waje da yake ɗaukar sautin daji, da 'yar lasifika a ciki da take isar da shi kunne, har ma ta ƙara masa ƙarfi idan ka murɗa, ta yadda za ka ji takun gada a busasshen ganye ko tashin zabbi. Da zarar sauti ya wuce wata iyaka, galibi desibel 82, sai lasifikar ta ƙi isar da abin da ya haura, ko dai ta yanke na ɗan lokaci ko ta danne shi, sannan ta dawo. Mai danne ƙarar ya fi mai yankewa daɗin aiki, domin ba ka rasa muryar abokin farautarka a lokacin da wani ya harba. Saboda haka batir ba ya ƙara maka kariya ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya mayar maka da jin da kofin ya tare, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dalilin da yake sa maharba su ƙi toshe kunne shi ne farauta da kunne ake yin ta. Nama ba ya jiran mutum ya ciro matoshi daga aljihu, don haka makarin da yake kan kunne tun kafin a taɓa kunama shi kaɗai ne yake da amfani.

Daga nan za ka gane abin da ba za ka saya ba. Na'urorin jin waƙa na waya da ake tallatawa da cewa suna kashe hayaniya an yi su ne don gurnani mai ɗorewa irin na injin jirgi ko janareta, ba su da kaurin da zai tare harbi. Makari na gaskiya yana ɗauke da lambar gwaji a jikinsa ko a kwalinsa, wadda take nuna yawan desibel da yake ragewa: NRR idan ma'aunin Amurka ne, SNR da alamar EN 352 idan na Turai ne. Misali, Howard Leight Impact Sport yana da NRR 22, yana aiki da ƙananan batura biyu na AAA, yana kuma kashe kansa bayan awa 4; Walker's Razor Slim yana da 23; Peltor Sport Tactical 500 na kamfanin 3M yana da 26. Na kawo su ne don ka san inda lambobin suke tsayawa, ba talla nake yi ba. Jabun waɗannan sunayen suna yawo a kasuwannin intanet, kuma jabu yakan ƙara sauti da kyau, abin da yake ruɗin mai saye, alhali kofinsa holoƙo ne. Gwada shi a kashe: idan ka sa shi ba tare da kunnawa ba, muryoyin da ke kusa da kai su dushe sosai. In ba su dushe ba, ajiye shi.

Lambar NRR a ɗakin gwaji aka samo ta, da ƙara mai ɗorewa, kuma abin da mutum yake samu a daji yakan gaza ta saboda sakaci wajen sawa. Ka ɗauke ta ma'aunin kwatanta wannan da wancan kawai. Za ka kuma lura cewa siraran makarai masu batir ba su kai matoshin soso lamba ba, domin matoshin soso mai kyau yana kai wa 33. Ga wanda kunnensa ya riga ya fara ƙugi kamar kai, shawarata ita ce ka haɗa biyun: matoshin soso a ciki, makari mai batir a sama, sannan ka ƙara murɗa sautin don ya ratsa soson. Haɗin ba ya tara lambobin biyu, kimanin desibel 5 yake ƙarawa a kan wanda ya fi girma, amma tunda kowane desibel 3 rabin ƙarfin ƙara ne, ribar tana da yawa. Matoshin kuma sai an iya sa shi: a murza shi tsakanin yatsu ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya, a tura shi ciki, a riƙe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura. Wanda rabinsa yake leƙowa waje bai shiga ba.

Abin da ya fi ɓata aikin makari a wurinmu shi ne kafa tsakanin matashin da fata. Gefen hula, naɗin rawani, hular sanyi ta hunturu, ƙafar tabarau mai kauri, har da igiyar fitilar goshi, duk suna ɗaga matashin, ƙara ta samu hanya. Sai kuma gindin bindiga, wanda yakan ture kofin dama daidai lokacin da aka kwantar da kai za a harba; saboda wannan ne ake yin siraran kofuna, kuma yana da kyau ka ɗaga bindigarka ba harsashi ka gwada saiti da makarin a kanka tun a gida. Idan ture shi take yi duk yadda ka yi, akwai masu batir da ake cusawa cikin ramin kunne, sun fi tsada amma sun fi sauƙi a zafin Maris da Afrilu. Gumi da ƙura suna busar da matashin ya tsattsage, don haka a goge shi bayan kowace fita, a sauya shi da zarar ya yi tauri, a kuma cire batir idan za a ajiye shi har damina ta wuce.

Akwai wani rauni da masu talla ba sa faɗa, kuma ya shafi rai. Siffar kunnen waje ce take taimaka wa mutum ya rarrabe sautin gaba da na baya, makari kuwa yana rufe ta. Mai makirfo biyu, ɗaya a kowane gefe, yana nuna hagu da dama daidai gwargwado, amma gaba da baya suna iya rikicewa, iska mai ƙarfi kuma tana cika makirfo da huci. A farautar gayya, inda mutane da karnuka suke bazuwa cikin ciyawa, wannan ba abin wasa ba ne. Ka sa shi a gida da gona na wasu kwanaki, ɗanka ya riƙa kiranka daga wurare daban-daban kana nuna inda yake, har ka san yadda yake ruɗinka. Kuma kada motsin da ka ji ta lasifika ya sa ka harbi abin da idonka bai tantance ba.

Auduga kuwa ka bar ta, domin iska tana ratsa ta, abin da take ragewa bai taka kara ya karya ba, sai dai ta ba ka kwanciyar hankalin da ba shi da tushe. Idan kuɗin mai batir bai samu ba tukuna, matoshin soso da ake sayarwa a shagunan kayan kariyar ma'aikata yana da araha kuma ya fi ta nesa ba kusa ba. Akwai ma matoshi marar batir mai ɗan tacin rami a tsakiya, wanda yake barin magana ta wuce ya rage ƙarar harbi.

Game da kunnenka, kada ka jira sayen na'ura kafin ka je a duba shi. Muna da sa'a a nan, domin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, a cikin garin Kaduna take, akwai kuma sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Za a leƙa ramin kunnen a ga ko dauɗa ce ta toshe shi ko dodon kunne ya huje, sannan a sa ka a ɗaki marar hayaniya a auna jin kowane kunne daban, a zana sakamakon a takarda. Ko da yake bayaninka ya yi kama da lahanin harbi, ƙugi a kunne ɗaya yana da wasu dalilan da dole likita ya kawar. Ka gaya masa magungunan da ka sha ko aka yi maka allurarsu, domin kwinin yana kawo ƙugi, jentamaisin da sitireftomaisin kuma suna iya lalata ji. Kada ka ɗiga mai, ruwan ganye ko wani magani a kunnen kafin a duba. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi, na'urar taimaka wa ji kuma tana gyara fahimtar magana, sau da yawa ma ta rage damuwar ƙugin. Ita dai na'urar taimaka wa ji ba makari ba ce, ba a harbi da ita a matsayin kariya.

Idan wata rana ji ya ɗauke farat ɗaya bayan harbi, ko jini ya fito, ko jiri ya kama ka, wannan na gaggawa ne, a je asibiti a ranar ko washegari, domin maganin da ake bayarwa a irin wannan hali ya fi aiki a kwanakin farko. Ɗanka ma, in yana binka daji, ƙarar da take dukan kunnenka tana dukan nasa ko da ba shi ne yake riƙe da bindigar ba, don haka ku tafi tare a auna ku duka, ku adana takardun, ku sake gwajin bayan shekara ɗaya a kwatanta.