Digirin injiniya daga cikin masana'anta: abin da na gani a shekara biyar

Wa alaikumus salam Hajiya, ina wuni. Kun ce yaronku yana gama A-level, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, bana a Birmingham, ya samu gurbi a jami'a, kuma wani kamfani ya yi masa tayin digirin koyon aiki, wato ya riƙa yi musu aiki yana karatun digiri a lokaci guda, a fannin injiniyan kanikanci, amma 'yan uwa a gida suna ta cewa za a mayar da shi yaron gareji. Ni na bi wannan hanyar daga 2017 zuwa 2022, kuma kalmar da mahaifina ya faɗa ke nan ranar da na kawo masa maganar, don haka bari in sa baki.

Digirin dai na gaske ne. Jami'a ce ke bayarwa, BEng ɗin da ake ba kowa, wato digirin farko na injiniya, shi aka ba ni, na sa riga da hula na ɗauki hoto kamar kowa. A 2015 aka fara tsarin a Ingila, daga Afrilun 2017 kuma gwamnati ta ɗora wa duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda da shi ake biyan kuɗin karatun. Shi ya sa manyan kamfanoni suka rungumi abin: Rolls-Royce a Derby, Jaguar Land Rover tare da Jami'ar Warwick, BAE Systems, har Dyson ta buɗe cibiyar karatunta a Malmesbury. Kuɗinsu ne aka riga aka cire, gara su horar da nasu da shi.

Abin da ya sauko da mahaifina batun bashi ne. A lokacinmu kuɗin jami'a fam 9,250 ne a shekara, shekara uku ya kama 27,750, ban da haya da ci, kuma rancen gwamnati da ruwa yake zuwa. Tun 2013 aka yi alkawarin fito da rancen da ya dace da shari'a, har na gama sakandare shiru kake ji. Da na zauna na lissafa masa cewa sisi ba zan ranta ba, ga albashi duk ƙarshen wata, sai ya ce in je Allah ya sa albarka.

To amma Hajiya ku faɗa wa yaron tun yanzu: ma'aikaci zai zama mai zuwa makaranta, ba ɗalibi mai leƙa wurin aiki ba. Wannan ba irin IT ɗin wata shida da ɗaliban gida ke yi ba ne, a cike littafi a sa hannu a koma aji. Kwana huɗu ina masana'anta, Talata ina jami'a tun tara na safe har fitilu su kunnu. Dogon hutun bazara da abokaina ke yi, ni babu shi, sai hutun ma'aikaci na 'yan makonni. Su sun gama a shekara uku, ni na yi biyar, kuma bayan jarrabawar jami'a sai da na sake zama gaban masu tantancewa na waje, na kare aikin da na yi da hannuna kafin a ce na kammala.

Azumin 2019 ya faɗo daidai lokacin jarrabawa. Sahur wajen uku na dare, shiga aiki bakwai, shan ruwa sai tara ta kusa. Na sha yin barci a kan littafin lissafi tsakanin la'asar da magariba, in farka da shatin takarda a kumatu. Sauƙin da na samu ɗaya ne, masana'antarmu tana tashi da tsakar rana ran Juma'a, ban taɓa roƙon izinin zuwa masallaci ba. Ba ko'ina ake haka ba, yaron ya tambaya.

Abin da ya sa ban yi nadama ba kuwa, a shekarata ta biyu aka ba ni zanen wani ɗan ƙarfe da zai riƙe famfo a jikin inji. Na kwana biyu a kwamfuta, lissafin nauyi ya fita tsaf, ina ta jin kaina. Aka ƙera, aka kai wa wani dattijon makaniki da ya kusa ritaya. Ya juya shi, ya juya, bai ce uffan ba, ya miƙo mini sufana ya nuna ƙusar da ke can ciki. Na durƙusa na fi minti ashirin, sufana ta ƙi shiga, na bar tazarar da ko yatsa ba ya wucewa. Da na ɗago, zufa ta jiƙa ni, sai ya ce kafin in sake zana rami in fara tunanin hannun da zai ɗaure shi. Makonni kaɗan bayan haka malami ya zo kan darasin tsara kaya yadda za su haɗu cikin sauƙi, ɗaliban cikakken lokaci suna rubutawa, ni kuwa gwiwata ce ke tuna mini.

Inda abin ke ɓaci shi ne kamfani, kuma nan nake so ku sa ido. Doka ta ce a ware wa mai koyo lokacin karatu daga cikin awannin aikinsa. A zamaninmu kashi 20 cikin ɗari ne, a 2022 aka mayar da shi aƙalla awa shida a mako. Amma na yi wani shugaban sashe da duk ranar da oda ta matse sai ya ce Talatar nan in haƙura. Na haƙura sau uku, saboda tarbiyyarmu ta hana musu da na gaba, har na faɗi gwaji ɗaya. A zaman bitar da ake yi duk bayan wata uku tsakanina da kamfani da jami'a na buɗe littafin awannina na nuna, daga ranar ba a sake taɓa Talatata ba. Da kunya na ci gaba da yi, da digirin ya tafi. Wani abokina kuma a nasa kamfanin shekara biyu ya yi yana cike takardun kaya, ko inji bai taɓa ba. Kuma yaronku ya sani, barin aikin barin karatun ne, sai in ya samu wani kamfani da zai karɓe shi a ci gaba. Idan har yanzu yana tababa tsakanin injiniya da likitanci, jami'a ta fi masa, don nan ƙofar canza ra'ayi ƙunci gare ta.

Na ga kun haɗa da tambayar ɗan ƙanwarku da ke Kaduna, ko shi ma zai iya samun irin wannan gurbin. Shi kam ba zai samu ba a yanzu. Ana bukatar izinin aiki da zaman shekara uku a ƙasar, bizar ɗalibi ba ta isa, kamfanonin tsaro ma sukan nemi ɗan ƙasa saboda binciken da ake yi wa ma'aikatansu. Duk wanda ya ce a turo kuɗi zai samo masa gurbi, ku rufe jakarku.

Kafin yaron ya sa hannu, ya tambaye su mutum nawa suka fara tare a zangon da ya gama bara, nawa suka kai ƙarshe, kuma suna ina yanzu. Ya tambayi ko za a riƙa zagayawa da shi sassa daban-daban, da ko tsarin yana kai mutum ga rajistar IEng, wato shaidar ƙwarewar injiniya ta Birtaniya. In takardar kwantiragin ta zo, ya turo mini in duba masa inda aka rubuta ranar karatu. Ku gaishe shi.