Tambayi Injiniya: Maganin tsatsar rodi, gaskiya ne ko cin kuɗi?

TAMBAYA: Injiniya, ina gini a Legas kusa da ruwa. Gidan maƙwabcina bai tsufa ba amma ƙasan dekin ɗinsa ya fara ɓantarewa, ga rodi a waje ya yi ja. Birkilana ya ce akwai maganin da ake zubawa a kwaɓin kankare ya hana tsatsa. In saya? — Wani ɗan kasuwa, Legas

AMSA: Alhaji, maganin yana nan, ba ƙarya ya yi maka ba. Wanda aka fi sani shi ne kalsiyam naitarait, ruwa-ruwa ne, ana aiki da shi a Japan da Amurka tun wajen ƙarshen shekarun 1970, musamman a gadoji da gine-ginen bakin teku. Akan zuba lita 10 zuwa 30 a kowace kubik mita ta kankare, gwargwadon gishirin da ake tsoro.

Amma ka san abin da yake yi tukuna. Siminti da kansa yana kare rodi: kaifinsa, wanda ya haura 12 a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna ko abu mai tsami ne ko mai kaifi irin na kanwa, yana sa ƙarfen ya yi wata siririyar fata da tsatsa ba ta iya ci. Gishiri ne ke huda fatar nan. A wurinku yana zuwa ta iskar teku, da yashin da aka haƙo daga ruwa ba a wanke ba, da ruwan rijiya mai zartsi. Da tsatsa ta kama sai ta kumbura, ta ninka ƙarfen da ta cinye sau biyu zuwa shida, ta tunkuɗe kankaren daga ciki. Abin da ka gani a gidan maƙwabcinka ke nan. Maganin yana ɗinke fatar duk inda gishiri ya huda, amma ranar da gishirin ya fi ƙarfinsa, shi ke nan. Jinkiri yake saya maka.

Shi ya sa ni ba da shi nake farawa ba. Ranar zuba dekin ka je da kanka, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin rodin. In yana kwance a kan katako babu biskit, wato 'yan dunƙulen simintin da ake sawa a ƙarƙashin rodi su ɗaga shi, tsayar da aikin. A bakin ruwa ina son kaurin kankaren da ya rufe rodi ya kai milimita 40 zuwa 50. Sannan ka sa ido a kan mai bokiti. Lebura yana son kwaɓi ya yi ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, ban ga laifinsa ba, rana yake sha, amma wannan ruwan in ya bushe ƙofofi yake barin wa gishiri. A yi ta ba dekin ruwa aƙalla kwana 7.

In an yi waɗannan, saya maganin, wurinka ya cancanta. Injiniya ne zai auna, ba birkila da gwangwani ba, kuma a sani maganin yana sa kankare saurin kamawa, ga zafin Legas. Kada a kawo maka kalsiyam kulorayid a ce don dekin ya bushe da wuri. Wannan gishirin ne da kansa ka zuba wa rodinka.