Amsa ga yarona kan Roadmaster ɗin Malam mai ritaya

Ka tambaye ni ta inda za ka fara aikin tsohon babur ɗin nan Honda Roadmaster da Malam ya kawo, wanda ya ce tun yana ƙaramin malamin firamare yake burin mallaka, sai yanzu da ya ajiye aiki ya samu na hannu, yana so a sake masa fenti da siti yadda ransa yake so, ya biya idan giratutinsa ya fito. Ba zan tsaya koya maka kwance inji ko wanke kafireto ba, domin wanda ya daɗe a garejina bai iya wannan ba, gara ya koma gida. Abin da ya sa na zauna ba ka amsa shi ne maganar nan ta "idan giratuti ya fito", saboda na taɓa jin ta daga bakin wani dattijo, kuma har yau raina bai huce ba.

Shi ma irin wannan babur ya kawo mini, injin ya kame, tanki ya yi tsatsa, tayoyi sun rube. Ya zauna a kan benci yana ba ni labarin yadda ya yi ta kallon manyansa a ofis suna hawansa alhali albashinsa bai kai ba, har ƙwalla ta taru a idonsa. Na yarda da shi, domin na san zamanin da yake magana. Tun da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a 1975 ma'aikata suka cika gari da Honda da Vespa, babur ya zama alamar ma'aikaci mai rufin asiri, sannan Roadmaster ya zo a shekarun 1980 ya zama na manya. Saboda furfurarsa na ɗauki kuɗin da nake tarawa na kwanon rufin ɗakina na zuba a aikin. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ban samu fistin na asali ba, sai da na tafi Panteka a Kaduna na tono shi cikin tarin tsofaffin injuna, tare da murfin gefe mai ɗauke da tambarinsa. Na sa aka yi wa silinda borin, wato aka faɗaɗa cikinta ta dace da fistin ɗin, na ɗaure wayoyin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya da hannuna, mai fenti ya zuba ja mai duhu da siririn layi ruwan zinare a gefen tanki, baduku ya ɗinka siti da fata ta gaske. Ranar da na tayar da shi, makanikan layinmu sun bar aikinsu sun zo sauraron sautinsa.

Wata Juma'a ya zo cikin babbar riga, ya ce in ba shi ya je masallaci abokansa su gani, bayan an sauko zai dawo da shi. Bai dawo ba. Na yi ta sintiri gidansa yana ce mini gwamnati ba ta biya ba, ashe an biya shi tun ana tsakiyar aikin, babur ɗin kuma ya sayar wa wani dillali da riba mai tsoka. Da muka je gaban mai unguwa, ya rantse cewa gyaran inji kawai ya sa ni, duk sauran kwalliyar ra'ayina ce, kuma da yake babu takarda babu shaida, ɗan kuɗin gyara aka ce ya ba ni. Daminar nan a ɗaki mai yoyo iyalina suka yi ta.

Ban ce Malam irinsa ne ba, alamun mutumin kirki gare shi. Amma ka zauna da shi gaban shaidu biyu, a rubuta duk abin da yake so, daga launin fenti har irin fatar siti, ya ba da kafin alƙalami na kayan inji, kowane mataki kuma da kuɗinsa kafin a taɓa shi. Ka duba lambar shasi da ta inji su dace da takardunsa. Makulli kuma yana aljihunka har a cika kuɗi, ko da zagaya layi ya ce zai yi.

Aikin kansa, inji ne farko, fenti ne ƙarshe. Silinda biyu gare shi da kafireto ɗaya, don haka idan ɓari ɗaya ya raunana, kada ka ɗora wa kafireto laifi, ka duba filogi da ringi da bawul na wannan ɓarin. Mutumin da ya haura 60 ba gudu yake nema ba, yana son babur da zai tashi a bugu ɗaya da asuba, birki mai kamawa, da siti da ƙafarsa za ta taka ƙasa sosai. Ka rage soson siti, kada ka kuskura ka yanka shasi. Ku yaran yanzu, da kuka taso a kan Jincheng da Boxer, ba ku san kwalliya ba sai fasa salansa, da cire murfin sarƙa, da liƙa fitilu masu walƙiya da kuka gani a waya. Murfin sarƙar nan shi ne ke kare ta daga ƙurar hunturu, shi ne kuma ke hana ta kama bakin babbar riga. Idan na zo na tarar ka cire shi, a ranar za ka bar garejin nan.

Bayan borin, ka gaya wa Malam ya riƙa tafiya a hankali, ya dawo da wuri a juye baƙin mai. Gobe ka kira shi ya zo da takardun babur ɗin, ni zan yi masa maganar kuɗin da bakina.