Tambayi Makanike: Hilux ɗina tana "gam" a ƙasa duk sanda na taka totur

TAMBAYA: Salamu alaikum oga. Ina da Hilux mai giyar taimako (giyar da take sa tayoyi huɗu su ja tare), ina lodin gero da busasshen kifi tsakanin Nguru da ƙauyukan fadama, da rani yashi da damina taɓo. Duk sanda na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa sai inji gam a ƙasan mota, haka ma in na sa ribas. Sau biyu na canza kuros ɗin furofela cikin shekara ɗaya (furofela itace dogon ƙarfen da yake kai juyi daga giyabos zuwa tayoyi, kuros kuma gaɓar da take lanƙwasuwa a bakinta), yanzu makanike na yace sai dai a sauke aksul ɗin baya (gidan haƙoran da suke juya tayoyin baya) a saka na Beljiyam. Ya zanyi? Daga wani direba a Nguru, Jihar Yobe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Toh tukunna kar ka sayi aksul, dan wannan ƙarar ba lallai daga guri ɗaya take ba, wasa ne ƙanana ƙanana da suke taruwa tun daga giyabos har taya, kuros yayi nasa, haƙoran da furofela take shiga tana fita suyi nasu, haƙoran aksul suyi nasu, sai ka taka totur duk su haɗu su buga lokaci guda.

Ka samu guri mai lebur, ka sa duwatsu gaba da bayan taya, ka ja hambirki ka sa giya a firi ka kashe inji, sannan ka shiga ƙasa. Ka kama furofela da hannu ka murɗa dama da hagu. Ɗan juyi kaɗan ba laifi bane, ko sabuwar mota tana dashi. Amma a kuros ko kaɗan bai kamata kaji wasa ba, ka riƙe ɓangare ɗaya ka juya ɗayan, in kaji ƙas ƙas ya tafi. Ka duba bakin kofunansa, in kaga jar ƙura kamar garin barkono to ya bushe ne allurorin ciki suna cin juna. Ka leƙa robar da giyabos yake zaune a kai da notukan da suka ɗaure sifirin da aksul, sau da yawa nan ne ɓarawon yake kuma gyaransu baya cin kuɗi.

Ni abinda yafi damuna a wasiƙarka shine kuros biyu a shekara. Inaga giris ne babu. Furofelar irin motarka yawanci tana da ƴan nonuwan giris, kuma wallahi motoci da yawa da ake kawo min laka ta rufe su har mai motar bai san da zamansu ba. A goge, a harba giris a kuros har sai tsohon baƙi ya fito sabo ya biyo shi. Wajen haƙoran furofela kuwa harbi biyu ko uku ya isa, in aka cika shi shima bugu yake kawowa. Kai da kake shiga ruwan fadama ba zancen jiran sabis bane, ranar da ka tsallaka ruwa mai zurfi washegari ka harba.

Ruwan nan har cikin aksul yake shiga, aksul yana da ɗan hancin numfashi a samansa, in ya ɗau zafi ka faɗa ruwan sanyi iskar ciki sai ta tsuke ya zuƙi ruwa. Kwance notin cikawa ka tsoma yatsa, in man ya koma kamar shayi da madara a zubar a sa sabon man giya 80W-90 mai GL-5, kuma a jona wa hancin siririn tiyo a ɗaure shi can sama.

Giyar taimako ta yashi da taɓo ce, da ka hau kwalta ka cire, dan a kwana tayoyin gaba sunfi na baya nisan tafiya kuma kwalta bata barin taya ta zame, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa. Tayoyi huɗun ma su zama girma ɗaya.

In duk an bi wannan wasan ya tabbata a aksul yake, ana iya buɗewa a canza boris (zoben da ƙarfe yake juyawa a cikinsa) a saita haƙora, a irin aksul ɗin Toyota tazarar tsakanin haƙoran kamar 0.13 zuwa 0.18 ce na milimita, da agogon awo ake saitawa ba da ido ba. Kuma dan Allah kar ka bari wani ya ɗaure babban notin bakin aksul da ƙarfin tsiya wai dan ya kashe wasa, akwai zoben ƙarfe a ciki da yake lanƙwasuwa daidai gwargwado, in aka wuce ƙa'ida boris zai ƙone. Kafin a sauke furofela kace a sa mata alama da fenti dan ta koma yadda take, in ba haka ba zaka rabu da gam ka dawo da karkarwa.