Ka ci bashin Kwari a kan alkawarin ɗalibi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a kasuwar Dole, nan Damagaram. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana karatu a birnin Liyon na Faransa tun 2022, yanzu yana mastar, kuma yana aiki da yamma a wani gidan abinci. Bara ya ce zai riƙa turo mini yuro 200 duk wata in ƙara a jari. Da ƙarfin wannan magana na kama rumfa ta biyu, na ɗauko kayan miliyan 3 bashi a Kantin Kwari, a kan zan riƙa biyan jika 300, wato sefa dubu 300, kowane wata. Ya turo na wata huɗu, daga nan sai "Yaya a yi haƙuri, abubuwa sun yi tsauri." Amma duk Asabar da Lahadi ina ganinsa a WhatsApp, yau bakin tafki, gobe kan dutse cikin ƙanƙara, jibi filin ƙwallo. Mai kaya ya fara kirana. In haɗa shi da Hajiyarmu ne, ko in ce ya rage karatun ya ƙara aiki har mu fita daga bashin? Ina kuma tunanin ya riƙa aiko mini turare da wayoyi daga can, an ce akwai riba sosai.

Amsa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kar ka kai maganar nan gaban Hajiya. In ka kai, za ta kira yaron ta yi masa faɗa, ya yi kuka, ya je ya ranto kuɗi a wurin abokansa ya turo, wata biyu ka sake komawa inda kake. Kuma in gaya maka gaskiya, ba shi ne ya sa ka cikin ramin nan ba. Bashin da ka ci yana da rana, yana da adadi, yana da mai kira a waya. Abin da ka jingina bashin a kansa maganar baki ce ta ɗalibi, wanda shi kansa bai san awa nawa za a ba shi aiki wata mai zuwa ba. Nan ka ɗauko Dala ba gammo.

Mu yi lissafin da ya kamata ka yi kafin ka hau motar Kano. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 200 ke nan jika 131 da ƴan canji, kafin a cire kuɗin aike. Ko da yaron bai taɓa saɓa wata ɗaya ba, bai kai rabin jika 300 ɗin da ka yi alkawari ba. Sauran jika 169 daga ina? Daga ciniki, za ka ce. To ga tambayar da ba ka taɓo ba a wasiƙarka: kayan miliyan 3 ɗin nan, nawa aka sayar, kuma ina kuɗin? Kayan bashi shi ke biyan kansa. Duk turmin da ya fita daga rumfa, uwar kuɗin ta mai kaya ce, riba kaɗai ce taka. In Sallah ta zo ta wuce, ka sayar da rabin kaya, amma mai kaya yana kiranka kana kallon waya tana ƙara, to kuɗin sun bi wata hanya: hayar rumfa ta biyu, yaron da ka ɗauka ya zauna a cikinta, cefane, biki, gudummawa. Ka taɓa su ne da sakin jiki domin a ranka kana cewa na Faransa na nan tafe.

Yanzu bari in faɗa maka yadda aljihun ƙanenka yake, tunda hoto ka gani ba takardar albashi ba.

Ɗalibin da ya je Faransa daga ƙasa irin tamu doka ta yarje masa aikin awa 964 a shekara, ba ƙari. In ka raba, wajen awa 80 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashi a can yana kusa da yuro 12 a awa, amma bayan an cire abin da ake cirewa, abin da ke shiga hannu bai wuce tara da rabi ba. Mai wanke kwanuka a gidan abinci wannan mafi ƙarancin yake samu. Ke nan watan da ya cika awoyinsa cif, ya tashi da yuro 750 ko kusa da haka. In ka juya zuwa sefa, kusan jika 490 ne, kuma na san abin da ya ruɗe ka ke nan, domin a Damagaram wannan albashin babban ma'aikaci ne. Sai dai ba a Damagaram yake kashe su ba. Ɗakin ɗalibai na gwamnati, ƙarami mai murabba'in mita 9, gado da tebur da ƴar taga, shi ne mai araha, kuma ba kowa ke samu ba. Wanda bai samu ba, ɗaki a gidan haɗaka a birni kamar Liyon yana cin yuro 400 ko fiye. Abinci, ko da kullum shinkafa da taliya yake dafawa da yajin da Hajiya ta ƙulla masa, sai ya ci 200. Ga katin shiga jirgin ƙasa na cikin gari, ga waya, ga inshorar ɗaki, ga kuɗin rajistar jami'a duk shekara, ga kuɗin sabunta takardar zama. Ita gwamnatin Faransa da kanta, a 2024, yuro 615 a wata ta nemi ɗalibi ya nuna yana da su kafin ta yarda zai iya rayuwa. Cire wannan daga 750, ka ga abin da ya rage. Yuro 200 ɗin da ya turo maka wata huɗu, daga cikinsa ya yanko su.

Kuma watannin ba ɗaya ba ne. Lokacin jarrabawa, a Janairu da wajen Mayu, dole ya rage aiki. Mai gidan abinci in ciniki ya ja baya, ɗalibi yake fara rage wa awa. A shekarar ƙarshe ta mastar yawanci akwai aikin koyo na wata huɗu zuwa shida a wani kamfani, safe har yamma, abin da ake ba su kuwa bai kai yuro 5 a awa ba, rabin na wanke kwanuka. In ƙanenka ya shiga wannan zango, "abubuwa sun yi tsauri" ɗin da ya faɗa maka ya ma sassauta.

Ranarsa kuwa ga yadda take. Ya fito aji ƙarfe biyar, a lokacin sanyi gari ya riga ya yi duhu. Ya shiga jirgi, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu, ya tsaya gaban ruwan zafi da tukwane har sha ɗaya da rabi na dare, sallar magariba da isha sai ya koma ɗaki. Ya kwanta ƙarfe ɗaya, takwas yana aji. Ba wanda ke ɗora hoton wannan a WhatsApp. A nan dai ina ganin laifin ɗalibanmu: suna nuna wa gida Asabar, suna ɓoye Litinin zuwa Juma'a, sannan su yi mamakin yadda buƙatu ke yi musu ruwa.

Ita Asabar ɗin ma ba abin da kake zato ba ce. Babban lambun Liyon da ake kira Tête d'Or, mai tafki a tsakiya, kyauta ake shiga. Tudun Fourvière, inda kowa ke tsayawa ya ɗauki hoto gari na bayansa, ana iya hawansa da ƙafa. Tafkin Ansi mai ruwa garai-garai tafiyar kusan awa biyu ce, in ka sayi tikitin bas da wuri bai fi kuɗin abincin rana biyu ba, kuma su huɗu biyar suke tafiya da burodi da kifin gwangwani a jaka. Ƙanƙara kuwa, duwatsun suna kusa, ƙungiyoyin ɗalibai na haɗa tafiya mai rahusa, rigar sanyin da ka gani ba ado ba ce, wanda ba shi da ita asibiti zai kwana. Kallon ƙwallo ne na yarda yana da ɗan tsada. To sai me? Mutum ya yi kwana biyar yana karatu da wanke-wanke, in ya kashe yuro 30 na guminsa ranar hutu don kada kansa ya juye a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, ban ga abin kai ƙara ba.

Shawararka ta biyu, wai ya rage karatu ya ƙara aiki, ita ce ta fi ba ni tsoro. Takardar zamansa ta ɗalibi ce. Duk lokacin sabuntawa, ofishin farfe, mai ba da takardar zama, yana duba ko karatun na gaske ne, ko yana cin jarrabawa yana gaba. Wanda ya zarce awa 964 ana iya ƙwace masa takardar. Kuma ka san halin da ake ciki: ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun Janairun 2024. In yaron nan ya rasa takarda ya dawo, komawa ba abu ne na kusa ba.

Na ga irin wannan da idona. Wani mai shagon siminti da kwano a unguwar Zango, ɗan yayarsa na karatu a Turai. Ya fara ginin bene da lissafin abin da yaron zai riƙa turowa. Da gini ya tsaya a linta, sai waya ta yi yawa, a kira yaron da asuba, a sa uwarsa ta yi masa magana, a tuna masa wanda ya biya masa kuɗin jirgi. Yaron ya ji kunya, ya karɓi aron sunan wani yana kai abinci gida-gida a kan keke har tsakar dare, rabin abin da ya samu na mai sunan ne. Ya faɗi shekara, ya maimaita, ya sake faɗuwa, aka ƙi sabunta masa takarda. Yau yana can yana ɓuya, ba digiri, ba aikin kirki, ba halin zuwa gida ko da rasuwa aka yi. Benen yana nan yadda yake, awaki ke kwana a ciki. Abin da gidanku ya zuba a kan ƙanenka shekara da shekaru, takardar kammala karatun nan ce ribarsa, kuma saura kaɗan. Kada ka karya ta saboda turamen atamfa.

Ga abin da za ka yi, kuma cikin satin nan. Rufe rumfa yini ɗaya, ka ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da biro, ka ƙirga kayan Kwari turmi-turmi, bandir-bandir: abin da ya rage, abin da aka sayar hannu da hannu, abin da ke wurin mata masu biya kaɗan-kaɗan. Na tabbata za ka tarar da jika ɗari da wani abu a hannun mutane, waɗanda ka yi wa kawaici saboda kana jin kana da madogara. Bi su. Rumfa ta biyu, in ba ta fitar da hayarta da abincin yaron da ke cikinta, sake ta, ko ka sa wani a ciki ya riƙa biya. Rumfa biyu da kayan rumfa ɗaya ba ƙaruwa ba ce.

Sannan ka hau mota ka je Kano da kanka. Kar ka aika saƙon murya, kar ka tura yaro. Ƴan Kwari sun saba da wanda ciniki ya juya wa baya, abin da ba sa yafewa shi ne a daina ɗaga musu waya. Je da kayenka da abin da ka tara, ko jika 400 ne, ka ajiye a gabansa. Roƙi ya karɓi kayan da ba sa tafiya a Damagaram tun ba su tsufa ba, domin zanen atamfa in yayinsa ya wuce sai ka karya kuɗi. Sauran bashin a sake yanka shi daidai abin da rumfarka ke iya fitarwa a watan da babu Sallah babu biki, ko da jika 150 ne, ba tare da ka sa ko dala ɗaya ta Faransa a lissafin ba. A rubuta, da shaidu biyu. A kuma rubuta da wane kuɗi ake bin ka, naira ko sefa. Wanda ya ga yadda naira ta zube a 2023 da 2024 ya san wannan layi ɗaya na iya raba abokan ciniki na shekara ashirin.

Maganar turare da wayoyi, ajiye ta. Kwalbar turare mai suna a Faransa tana kai yuro 80 zuwa 100, wato jika 52 zuwa 65, kafin kuɗin aike da na duwan, wato kwastan. Wa zai saya a Dole, inda na Dubai ke cike da tebur, mata kuma humra da turaren wuta suke nema? Wayoyi kuwa Kano na kusa da kai, kuma can sun fi araha. Wanda ya ce maka akwai riba sosai, tambaye shi kwali nawa ya taɓa shigowa da shi. Bayan haka, da wane jarin yaron zai sayo su? Ka ga mun sake dawowa aljihun nan dai.

Saura abu ɗaya, kuma kar ka raina shi. Kuɗin wata huɗun nan, wajen jika 524, mene ne sunansu? Kyauta ce, rance ne, ko hannun jari? Kai ka ce "in ƙara a jari". Shi mai yiwuwa a ransa yana da kaso a rumfar. Na zauna a sulhun wa da ƙane a gaban mai unguwa a kan irin wannan, ɗaya na cewa taimako ne, ɗaya na cewa rabin shago nasa ne, ba takarda ko ɗaya, matansu har yau ba sa gaisawa. Kira ƙanenka ranar Lahadi da rana, lokacin da ya huta. Fara da tambayar jarrabawarsa da lafiyarsa. Ce masa ka sauke masa alkawarin nan, kada ya sake turo komai sai ya gama ya samu aikin da ya karanta. Daga nan ku yanke sunan jika 524 ɗin, ka rubuta a kaye da kwanan wata, ka ɗauki hoton shafin ka tura masa, shi ma ya amsa a rubuce.